Zoɓon Inna da Ƙarfen da Ya Taru a Jikina

Tun ina ƙarama, kafin Inna ta amsa gaisuwata da safe sai ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa. In ta ga ja, sai ta sake ni ta ce, "Lafiya lau, kin tashi lafiya?" In kuwa ta ga ya yi fari-fari, gaisuwar ma mantawa take yi da ita, sai dai in ji tana laluben mayafi tana ƙwala wa Yaya kira. Na girma a gidanmu na Ƙofar Wambai ina ɗaukan wannan a matsayin wani ɓangare na gaisuwa, har sai da na kwana gidan ƙawata na ga ita uwarta ba ta taɓa mata ido.

Da amosanin jini aka haife ni, wanda yanzu kowa ke ce wa sikila. Mu uku Inna ta haifa. Yaya ne babba, shi Allah ya ba shi lafiya kamar doki. Sai wanda nake bi, shi ma da ciwon ya zo, ya rasu ban yi wayon saninsa ba. Inna ba ta taɓa ba ni labarinsa da bakinta ba. Goggo, yayar mahaifinmu, ita ta gaya mini cewa jininsa ne ya ƙone da zazzaɓi, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, ranar da aka ce a tafi asibiti kuma a bayan Inna ya cika, tana goye da shi suna hanya. Daga ranar Inna ta san abu ɗaya da ba wanda ya isa ya ja da ita a kansa: ƙarancin jini yana kisa, kuma ba ya jira.

Ina aji huɗu na firamare ɓarin jikina na hagu ya shanye. Ya dawo daga baya, sai ɗan jan ƙafar da har yau nake yi in na gaji. Likitoci suka ce don kada abin ya sake dawowa, sai an riƙa ƙara mini jini a kai a kai, ko da ciwo ko babu. Mahaifinmu ya riga ya rasu a lokacin, saboda haka nauyin ya hau kan Yaya, wanda yake da rumfar atamfa a kasuwar Muda Lawal. Duk sanda lokaci ya yi, sai ya bi layinsu rumfa rumfa yana neman wanda jininsa ya dace da nawa. Wasu su ba da da zuciya ɗaya, wasu su ga Yaya ya tunkaro su tuna suna da aike a kasuwar Wunti. Nakan tsokane shi in ce jinin rabin 'yan layin atamfa yana yawo a jikina, shi ya sa ba mai iya cuta ta a ciniki.

Duk ranar da na dawo daga ƙarin jini, gidanmu cika yake yi da 'yan dubiya, kuma a unguwarmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Wanda aka ce ba shi da jini, kowa ya san abin da ake kai masa. Wannan ta zo da hanta gasasshiya a nannaɗe a takarda, waccan ta zo da kwaɗon zogale. Akwai wata maƙwabciyarmu Kirista, 'yar kudancin jihar nan, tana aikin shara a wani ofis. Ita ruwan ganyen ugu take matsowa ta haɗa da madara, ta tsaya a kaina da kofi tana cewa da 'yar Hausarta, "Ka sha, yarinya, ka shanye duka, jini zai zo." Masu ɗan hali kuwa kemis suke tsayawa su sayo maganin ƙarin jini na kwalba, baƙin nan mai kauri, wanda in ka sha sai ka ji kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa. Inna takan jera kwalaben a kan kabad kusa da kwallayenta, kuma da ido ɗaya take kallonsu da kwallayen. Cokali da safe, cokali da yamma, na sha shi shekara da shekaru. Ban taɓa so ba, amma ban taɓa tunanin akwai abin tambaya a ciki ba. A asibiti ma ba wanda ya tambaye mu me ake ba ni a gida, mu kuma ba mu ga dalilin faɗa ba.

Na gama makaranta, na soma koyarwa a wata firamare, ina ganin na saba da ciwona kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai faɗa. Sai wasu sababbin abubuwa suka ɓullo. Fatata ta yi wani irin duhu mai toka-toka wanda ba na rana ba. Ƙarƙashin haƙarƙarina na dama ya riƙa yi mini nauyi. Gajiya kuwa ko an ƙara mini jini jiya, yau ina nan kamar an jiƙa tsumma. Wata sabuwar likita da aka kawo ɓangarenmu, mace mai yawan tambaya, ta dube ni ta ce tun yaushe ake ƙara mini jini. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro, ta ce an taɓa auna ƙarfen jikina? Na ce wane ƙarfe kuma?

Aka yi awon, da sakamakon ya fito ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce kowane jini yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, kuma kowace leda da aka ƙara mini ta shigo da nata. Jinin yakan tsufa ya mutu, ƙarfen kuwa ba ya mutuwa, jiki kuma ba shi da ƙofar fitar da shi. Sai ya nemi wurin zama a hanta, a zuciya, da sauran kayan ciki, yana cinsu a hankali. Ta ce nawa ya taru ƙwarai. Hantata ta riga ta soma kuka, abin da take tsoro yanzu shi ne zuciya, don in ya kama ta sosai gyara yana wuya. Ƙarin jini ba za a daina ba, don in aka daina shanyewar jiki na iya dawowa. Abin da za a yi shi ne a ba ni ƙwayoyin da za su riƙa kamo ƙarfen suna fitar da shi ta fitsari, in riƙa sha sau uku a rana ba fashi. Ta ce kada in tsorata in na ga fitsarina ya koma ja, alamar maganin yana aiki ke nan. Za kuma a riƙa ɗiban jinina akai-akai ana dubawa, don maganin yakan rage ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce maganin ƙarin jini na kwalba, ko na ƙwaya, kada ya sake shiga bakina, cin hanta ma in rage.

A cikin keke ina komawa gida dariya ta kama ni, har mai keken ya waiwayo. Ba dariyar daɗi ba ce. Na tuna kwalaben da ke kan kabad ne, na kuma tuna wadda zan je in gaya wa.

Na sami Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na zauna na yi mata bayani yadda na iya, kuma na san ban iya ba, don rabin kalmomin na likita ne na ɗauko na jibga mata. Ta saurara har na gama, rariya a hannu.

"Ƙarfe," in ji ta. "A ina kika ci ƙarfe?"

"A cikin jinin da ake ƙara mini yake, Inna. Da maganin kwalbar nan."

"To su da suka san da ƙarfe a ciki, me ya sa suke ƙara miki?"

"In ba a ƙara ba akwai matsala."

"In an ƙara ma akwai matsala." Ta ci gaba da tankaɗenta. "Kuma a ce mai ƙarancin jini kada ya sha maganin jini. Wannan likitar taku yarinya ce ko?"

Na ce ta girme ni. Ta ce girme ni ba wani abin kirki ba ne. Amma da yamma na ga ta kwashe kwalaben daga kan kabad, na ce a raina ashe abin da sauƙi.

Kwana kaɗan da soma shan ƙwayoyin, maganar likita ta tabbata. Makewayin gidanmu irin na da ne, siminti ne da 'yar rariya da ruwa ke bi ya fita. Wata safiya na fito, Inna ta shiga a bayana, ban kai ɗaki ba na ji ta saki buta. Ta fito ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke, mene ne wancan?"

"Maganin ne, Inna. Na gaya miki za a ga haka. Ƙarfen ne yake fita."

"Ni za ki gaya wa jini? Na san jini in na gan shi."

Na rantse mata ba jini ba ne. Ta ja fatar idona ta leƙa, ta buɗe tafin hannuna ta duba, ta sake ni. A satin kuma na dawo daga asibiti da auduga manne a hannu, ta tambaya, na ce jini aka ɗiba don gwaji. Sati na gaba ma haka. Na ji ta tana gaya wa Goggo a zaure, da muryar da take zaton ba na ji, cewa ɗan jinin da bayin Allah suke taimaka mini da shi, rabi likita na zuƙewa da allura, rabi yana bin rariya.

A lokacin ne Inna ta soma yi mini zoɓo kullum. Zoɓo dai kowa ya san ana cewa yana ƙara jini, tunda ja ne, na kuma tambayi likita ta ce in sha abina ba laifi. Sai na ɗauka Inna ta samo hanyar da za ta lallashi zuciyarta ke nan, na ma ji daɗi. In na dawo daga makaranta zan tarar da shi a jug, da sanyinsa, ya sha citta da kanumfari har yana yaji. Na ce mata cittar ta yi yawa, ta ce sanyi take kora mini. Watanni na yi ina shanye jug guda a rana ina yi mata godiya.

Da aka sake awon ƙarfen, likita ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce ya ɗan motsa, amma ba yadda ta sa rai ba. Ina shan ƙwayoyin kuwa? Na ce ko a aji nake, lokaci na yi nake haɗiya a gaban yara. Ba na shan wani abu daban? Na ce wallahi babu. Har na ɗan ji haushinta, don na tsani a ɗauke ni maƙaryaciya.

Wata ranar Alhamis aka tashe mu da wuri saboda taron malamai, na shigo gida kafin azahar. Ban yi sallama da ƙarfi ba don kaina na ciwo. Na leƙa madafa, ga Inna a tsugune ta ba ƙofa baya, jug a gabanta, kwalba a hannunta tana tsiyayawa a cokalin miya. Ta zuba, ta sake cikawa ta zuba, ta ɗauko dakakkiyar citta ta barbaɗa ta juya.

Ina da zuciya, duk gidanmu an sani, kuma ranar ta tashi gaba ɗaya. Na ce, "Inna!" Ta juyo, ko firgita ba ta yi ba. Ta rufe kwalbar ta ajiye a bayan turmi kamar mai ajiye gishiri.

"Kashe ni kike so ki yi?"

"Ki iya bakinki."

"Na gaya miki guba ne a jikina! Ina haɗiyar ƙwaya sau uku a rana ina fitarwa, ke kina nan kina mayarwa!"

"Kina fitar da jininki dai." Ta miƙe tsaye. "Na taɓa zama ina kallo jini ya ƙare a jikin ɗa. Aka ce mini a jira, na jira. Ba zan sake zama ina kallo yana bin rariya ba don wata ta sa farar riga ta ce ba jini ba ne. Ki yi fushinki. Gara ki yi fushi da ni kina raye."

Haushina ya ƙaru. Na shiga ɗaki na haɗa kayana a jaka, na tari keke zuwa Gwallameji, inda Yaya ya gina gida yake zaune da matarsa.

Gwallameji wata duniya ce. Gidaje sababbi, kowa da katangarsa da get ɗinsa, da safe a fita aiki da yamma a dawo a kulle. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, ta karɓe ni hannu biyu, abin da likita ta ce shi take yi ba ƙari ba ragi. Na je ƙarin jini na dawo, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba hanta, ba zogale, ba mai tsaya mini a kai da kofi. Abin da na nema ke nan, na kuwa samu, sai ga shi ina kwance a ɗaki mai tayil ina jin kewa kamar ta kashe ni. A can na soma tunanin abin da ban taɓa tunani ba. Mutanen unguwarmu ba su da jinin da za su ba ni kullum, ba su da ilimin ciwona, ba su iya hana shi tashi. Abu ɗaya suke da shi, su zo da wani abu a hannu su ga na haɗiye. Inna kuwa ta fi su duka rashin abin yi. Shekara ashirin da wani abu tana kallon ana huda ni, abin da ya rage a hannunta shi ne cokalin nan, ni kuma na zo rana ɗaya na ce ta ajiye. Na gane haka sarai, amma ganewar ba ta rage ƙarfen da ke hantata ba, ba ta kuma sa na koma gida ba. Yaya yana kai wa Inna cefane yana dawowa, in tambaye shi tana lafiya, ya ce tana lafiya, ta ce a duba idona.

Damina na tsakiya ƙafafuna suka soma kumbura. Na ce tsayuwar aji ce. Sai numfashi ya soma gagarata in na yi 'yar tafiya, in na kwanta kuma sai na tara matasai. Ranar da na kasa kai ruwan alwala daga famfo zuwa baranda, Yaya ya sa ni a mota. Aka yi hoton zuciya, aka ba ni gado. Abin da likita ke tsoro ne ya iso: ƙarfen ya taɓa zuciyar, ta soma rauni. Aka ƙara mini wani maganin fitar da ƙarfe ta jijiya, yana ɗiga a hankali yini guda, ga na zuciya, ga na rage kumburi. A karo na farko a rayuwata na ji tsoron mutuwa na gaske. Ciwon ƙashi na saba da shi, yana zuwa da ihu ya tafi. Wannan shiru yake yi.

Washegari da hantsi Inna ta shigo ɗakin. Ta rame. Ta tsaya a bakin gado, hannunta ya taso wajen fuskata kamar yadda ya saba, sai ta mayar da shi cikin mayafi. Muna haka likita ta shigo zagaye. Ta dubi Inna ta dube ni, na gyaɗa kai. Na riga na gaya mata labarin zoɓon, kuma na zaci faɗa za ta yi. Sai ta jawo kujera ta ce, "Mama, zauna mu yi magana," ita kuma ta zauna a gefen gadona.

"Mama, kuna da randa a gida?"

"Muna da ita."

"In 'yan garuwa suna zuba ruwa kullum, ana sha yana ƙarewa ana sake zubawa, ba a taɓa wanke ta ba, me za a tarar a gindinta?"

"Laka."

"To jinin da muke ƙara mata shi ne ruwan. Dole a zuba, in ba a zuba ba ƙishi zai kashe ta. Amma kowane zubi yana barin laka, kuma tun tana yarinya ake zubawa ba a wanke ba. Jan da kika gani a makewayi, ruwan wankin randar ne. Da jini ne, da awonmu ya nuna yana raguwa, ni da kaina zan tsayar da maganin."

Inna ta dubi robar da ke ɗiga a hannuna. Can ta ce, "Likita, tambaya ɗaya zan yi miki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Wanda na riƙa ba ta, shi ya kama zuciyar?"

"A'a, Mama. Mafi yawansa daga jinin da muka ƙara mata ne, kuma da mun soma wankin tun da wuri da ba a kai nan ba. Naki ƙari ne a kan abin da ya riga ya cika. Bai taimaka ba, kuma kada a sake. Amma ba ke kika kwantar da ita ba."

Inna ta ce, "To." Ta zauna har la'asar, ta ɓare mini lemo, ta tafi.

Na yi makonni a asibiti. Kumburin ya sauka, numfashi ya dawo, likita ta ce zuciyar tana farfaɗowa amma tafiyar mai tsawo ce, kuma ko cokali ɗaya na maganin kwalba ba ta yafe ba. Da aka sallame ni na ce Ƙofar Wambai za a kai ni. Yaya ya yi ta faɗa a mota. Ya ce ko Inna ta daina, unguwa ba za ta daina ba, gobe gidan zai cika da kwalabe, wata ta ba ni a kunu wata a shayi, kuma wa ya isa ya mayar wa 'yar dubiya da abin da ta kawo? Gaskiya ya faɗa, ni ma abin yana raina. A wurinmu mayar wa mutum kwanonsa da abinci a ciki ya fi zagi ciwo.

Washegari 'yan dubiya suka soma shigowa. Na gyara zama ina shirya kalmomin da zan ƙi da su ba tare da na ɓata wa kowa ba. Ta farko ta ajiye ledar lemo. Ta biyu ta kawo sabulu da omo. Maƙwabciyarmu mai ruwan ugu ta shigo da kankana a ka, ta ajiye, ta riƙe hannuna ta yi mini addu'a irin tasu, ta dubi Inna da wani irin tausayi, ta ce, "Mama, ka yi haƙuri, ba da sani ka yi ba." Inna ta sunkuyar da kai. Har yamma ba kwalba ko ɗaya, ba hanta. Kuma kowace mace in za ta fita sai ta tsaya ta ba Inna haƙuri, kamar ita ce marar lafiyar.

Goggo ce ta fasa mini ƙwan. Ta shigo bayan la'asar, ta zauna a bakin katifata, ta rage murya. Ta ce tun ina asibiti Inna ta ɗauki mayafi ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, har gidajen da ta yi shekaru ba ta taka ba. Duk inda ta shiga magana ɗaya take yi: ita da hannunta ta kusa kashe 'yarta. Maganin ƙarin jinin da ta riƙa zuba mini a ɓoye shi ya cinye mini zuciya, likita ta tabbatar. "Har a gidan bikin suna ta faɗi haka," in ji Goggo, "mata cike da tsakar gida. Yanzu wasu har nuna ta suke yi a hanya."

Raina ya ɓaci fiye da ranar zoɓon. Inna mace ce mai gudun abin faɗa, wadda ko wanki ba ta shanyawa inda za a gani daga zaure. Da Goggo ta tafi na lallaba na fito tsakar gida. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Inna, me ya sa kika yi wa kanki ƙarya? Ina wurin likita ta ce ba ke ba ce. Da kunnena na ji, ke ma kin ji."

"Na ji."

"To don me za ki bi gari kina cewa ke kika kwantar da ni? Ki ce musu likita ta hana mana, shi ke nan."

Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da take yi mini in na faɗi abin wauta tun ina yarinya.

"Ke ba ki ce mini likita ta hana ba? Na ji?" Ta tsince wani ɗan dutse ta yar. "In na ce musu likita ta hana, za su ce to a gabana, su zo su ba ki a bayana, don suna sonki. Na san su, ni ce su. Amma in uwa ta ce da hannunta ta yi, ba wadda za ta yarda ta zama ta biyu."

Na tsaya riƙe da ginshiƙin rumfa. Na ce, "Amma sunanki, Inna."

"Sunana ba ya kumbura ƙafa," in ji ta. "Lokacin ƙwayarki bai yi ba? Je ki zauna, in kawo miki ruwa."